Amino asid ɗaya tak ke kawo sikila



Mun saba jin cewa wake, ƙwai da kifi suna da furotin mai gina jiki. To, shi furotin da me aka gina shi? Da ƙananan sinadarai ne masu suna amino asid. Iri 20 ne. Suna jeruwa kamar 'ya'yan carbi, sannan jerin ya nannaɗe ya ba da wata siffa, kuma da siffar ce furotin ke aikinsa.

A jajayen ƙwayoyin jininmu akwai furotin mai suna himogulobin, shi ke ɗaukar iskar oksijin. Jeri huɗu gare shi, biyu daga ciki kowanne yana da amino asid 146. Ga mai sikila, na shida a wannan jeri ne kawai ya canza: balin ya zauna a gurbin gulutamik asid. Ɗaya tak fa! Kamar ka cire lanƙwasar "ƙasa" ta koma "kasa". Vernon Ingram ne ya gano haka a Ingila a 1957.

Shi balin ba ya shiri da ruwa. Idan oksijin ya yi ƙaranci, sai himogulobin su manne da juna su zama dogayen zaruruwa. Ƙwayar jinin sai ta lanƙwashe kamar lauje, ta maƙale a ƙananan jijiyoyi. Daga nan ne ciwon ƙashin da ke hana wasu abokanmu zuwa makaranta yake tasowa. Gadonsa ake yi daga uwa da uba duka biyu. Ba maita ba ce, kuma zama benci ɗaya ba ya sa a ɗauka.