Yadda Ake Kwafe Fina-finan Faifai a Laftof Tun Kafin Su Lalace

A gidaje da yawa a Roni da Kazaure da Gwiwa akwai kwalin da aka cusa faya-fayan fina-finan Hausa da na Indiya, waɗanda aka sayo tun lokacin da Ƙofar Wambai da Bata suke cike da dillalan fim a Kano. Masu su suna ganin ajiya suka yi, alhali faifai yana lalacewa ko ba a taɓa shi. Da yawan faya-fayan a kwamfuta aka ƙona su, kuma sinadarin da ke riƙe hoton a irin wannan faifai ba ya jure rana da zafin bazara, ga ƙurar hunturu tana karce fuskarsa. Shawarar da aka saba bayarwa, a kai wa masu tura fim su matse shi ya shiga memori, ita ce nake ja da ita. Daidai shi ne a kwafe faifan yadda yake, a ajiye shi wuri biyu, matsewa ta biyo baya in ana so.

Idan laftof ɗinka ba ta da ƙofar faifai, sayi na'urar karanta DVD mai USB. Ana samun ta a Titin Beirut a Kano. Sauke manhajar kallon bidiyo ta VLC, kyauta ce. Cika batir kafin ka fara, domin wutar KEDCO ba ta jiran kowa.

Goge faifai shi ne inda aka fi yin ɓarna. Da tsumma mai laushi ake yi, daga ramin tsakiya zuwa baki a miƙe. Kada ka goge shi da kewaye, domin a kewaye aka rubuta bayanan, karcewar da ta bi layin kuwa tana cinye dogon yanki lokaci guda. In datti ya kama, ruwa da ɗan sabulu sun isa, sai a bar shi ya bushe a inuwa. Kananzir da fetur su yi nesa da shi. Ka kuma lura da bayan faifan CD, wato inda aka buga hoton jarumai: bayanan suna dab da wannan fentin, in ya ɓare babu gyara.

Sa faifan, rufe duk abin da ya kunna kansa, buɗe shi kamar filas. In ka ga folda mai suna MPEGAV, VCD ne, fim ɗin yana cikin fayil irin AVSEQ01.DAT, sai ka kwafe manyan fayilolin kawai, VLC zai kunna su. In VIDEO_TS ka gani, DVD ne, ɗauki foldar gaba ɗaya. Kada ka tsinci fayil ɗaya ka bar sauran, domin an yanka fim ɗin gunduwa-gunduwa, kowace kusan 1GB, ƙananan fayilolin kuma su ne ke faɗin jerin da za a bi. Faifan kamfanonin waje mai kulle yakan ƙi kwafuwa haka, manhajar MakeMKV ke buɗe shi. Kafin ka cire faifan, sauya wa folda suna: sunan fim, shekara in ka sani, da lambar faifai. Duk VCD suna ɗaya fayilolinsu ke ɗauke da shi, wanda ya yi sakaci zai ɗora fim ɗin Wasila a kan na Sangaya bai sani ba.

Wani faifan zai cije a tsakiya, Windows ta ce ta kasa karantawa. Kada ka yar da shi. VCD ya fi yin haka, saboda tsarinsa ya rage kariyar gyaran kuskure don bidiyo ya sami wuri. Sake gogewa, gwada wata na'urar, domin idanunsu sun bambanta. In ya ƙi, manhajar Unstoppable Copier na tsallake wurin da ya mutu ta kwaso saura. Fim mai ɗan tsalle na daƙiƙa biyu ya fi babu. Daga nan kunna farko da tsakiya da ƙarshe ka tabbatar murya na tafiya da hoto.

Za a ce wuri zai ƙare. A yi lissafi: faifan VCD bai wuce 800MB ba, DVD na yau da kullum 4.7GB ne, rumbun ajiya na waje mai 1TB zai ɗauki DVD kusan 200. Hoton VCD kuwa tun asali ƙarami ne, 352 a 288, in aka sake matse shi fuskoki sai su dagule, abin da aka zubar kuma ba ya dawowa. Mai son kallo a waya ya yi wani kwafin da manhajar HandBrake, ya bar na asali. Za a ce ai komai yana YouTube. Ba komai ba ne. Tsofaffin fina-finan marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, wasu a yanke suke, wasu an lulluɓe su da tambari, tasha kuma tana iya rufuwa gobe. Masu cewa wannan satar fasaha ce suna da hujja idan kwafin ya fita kasuwa, domin yana cikin abin da ya durƙusar da cinikin faifai a Kannywood. Adana abin da ka saya da kuɗinka don iyalinka daban ne, muddin ba ka sayar ko ka raba ba.

Saura kwafi na biyu. Laftof ana sace ta, tana kuma mutuwa, saboda haka zuba komai a rumbun waje, Seagate ko WD na fi yarda da su, ka tsara shi a exFAT domin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya haura 4GB. Guji filas mai arha da ke iƙirarin girma, da yawa jabu ne. Manhajar H2testw na tona asirinsu. Kada ka soka rumbun a kwamfutar shagon turi, nan ake kwaso bairos mai ɓoye folda. Ajiye shi a wani ɗaki daban da laftof, ka riƙa kunna shi lokaci-lokaci, faya-fayan kuma ka jera su a tsaye cikin gidajensu nesa da taga.