Amsoshin Tambayoyinku: Ɗumama Gida da Zafin Ƙarƙashin Ƙasa

Wani mai sauraronmu daga Damagaram ya aiko da tambaya: da gaske ne a Suwidin ana ɗumama gidaje da zafin da ake jawowa daga ƙarƙashin ƙasa?

To Malam, gaskiya ne. Duk wanda ya ɗebi ruwan rijiya da asubar hunturu ya san yana fitowa da ɗumi, domin ƙasa can ciki ba ta bin sauyin iskar waje. Haka take a Suwidin, ko da ƙanƙara ta rufe ko'ina.

Mutanen can sukan haƙa rami mai zurfin mita 100 zuwa 200 cikin dutse, su zura bututun roba mai ɗauke da ruwan da aka gauraya da barasa don kada ya daskare. Ruwan na zagayawa yana kwaso ɗan ɗumin dutsen, ya kawo wa na'ura a cikin gida. Nan ɗumin ke mayar da wani sinadari tururi, injin matsi ya matse tururin har ya yi zafi sosai, sai a ɗumama ɗakuna da ruwan wanka. Lantarki awo ɗaya kan ba da zafi awo 3 zuwa 4, tunda ba ƙirƙirar zafin ake yi ba, kwaso shi kawai ake yi.

Matsalar ita ce kuɗin haƙa, kuma ba kaɗan ba ne. A ganina, mu da zafi ya fi damu, abin lura shi ne ana iya juya aikin: a kwashe zafin ɗaki a zuba shi cikin ƙasa.