Tallafin Renon Yara a Amurka: Ku Nema da Wuri

'Yan uwa mazauna Amurka, musamman iyaye mata da ke fita aiki tun asuba, kun san yadda kuɗin gidan reno ke lamushe albashi. Akwai tallafin gwamnatin tarayya, bisa dokar da aka kafa a 1990, wanda kowace jiha ke rabawa da nata sharuɗɗan. Ana ba da shi don yaron da bai kai shekara 13 ba, idan iyayensa na aiki ko karatu, kuma samunsu bai wuce kashi 85 cikin ɗari na matsakaicin samun iyali a jihar ba. Jihohi da yawa sun sa iyakar ƙasa da haka.

Ku nema tun da wuri, domin a wasu jihohin layin jira yana da tsawo. Ku buga 211 a nuna muku ofishin da ke kusa, ku tanadi takardun albashi da takardar haihuwar yaron.

Abin da ya fi daɗaɗa mini rai shi ne, a jihohi da dama ana iya biyan kaka ko gwaggo kuɗin reno idan ta cika sharuɗɗan rajista, yaro ya tashi a hannun dangi yana jin Hausa. Ɗan shekara 3 zuwa 5 kuwa, ku nema masa gurbi a shirin Head Start, kyauta ne ga masu ƙaramin ƙarfi.