DARASIN KIWON LAFIYA: Ƙanƙara a Kan Targaɗe da Buguwa

Gida mai yara ba ya rabuwa da faɗuwa, yau wannan ya bugi goshi, gobe wancan ya dawo daga ƙwallo yana ɗingishi. Abin da da yawanmu muka saba shi ne ɗora ruwan zafi a gasa wurin, a mulke shi da man zafi. To, a kwana biyu zuwa uku na farko wannan ƙara kumburi yake yi.

Ga dalili. Idan aka bugu ko aka yi targaɗe, ƙananan jijiyoyin jini na fashewa, jini da ruwa su taru a wurin, shi ne kumburin da muke gani. Zafi yana buɗe jijiyoyin, jini ya ƙara kwarara. Sanyi kuwa yana tsuke su, ya kuma kashe raɗaɗi na ɗan lokaci.

Yadda za ki yi:
1. Ki sa yaron ya zauna, ya daina taka ƙafar.
2. Ki samu ƙanƙara, ko ledar fiya wata da ta daskare, ki naɗe ta a tsumma mai tsabta. Kada ki ɗora ta kan fata kai tsaye, domin tsananin sanyi na ƙona fata.
3. Ki ɗora minti 15 zuwa 20, ƙaramin yaro kuwa minti 10 ya isa. Ki maimaita bayan awa 2 zuwa 3.
4. Ki ɗaga ƙafar a kan matashi ta fi ƙirji tudu.

In ba wuta, ruwan randa da tsumma ma ya fi babu.

Sai dai mu sani, ƙanƙara ba ta warkar da rauni, sauƙi take kawowa. Dakta Gabe Mirkin na Amurka, wanda ya yaɗa wannan hanya a 1978, shi da kansa daga baya ya ce yawan sa ƙanƙara na iya jinkirta warkewa. Saboda haka da zarar ciwo ya lafa, a bar ta, a fara motsa gaɓar a hankali.

Waɗanda ba a sa wa:
Mai ciwon sikila, domin sanyi na tayar masa da ciwo. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji sosai. Sannan ba a sa ta a buɗaɗɗen rauni, ko a ƙuna. Ƙuna ruwa mai ɗan sanyi ake kwarara mata har minti 20.

Yaushe za a tafi asibiti?
In yaro ya kasa taka ƙafar ko taku huɗu, ko gaɓar ta karkace, wataƙila karaya ce, a je a ɗauki hoto kafin kowa ya ja ta. In kuma a kai ya bugu, ya suma, ko yana ta amai, ko barci ya yi masa nauyi ba kamar yadda ya saba ba, Hajiya kada ki jira dawowar maigida, ki ɗauke shi nan take.

Allah Ya tsare mana zuri'a, amin.