Kafin a yi wa kwamfuta fomatin, a kwashe kwalliyarta

A shagon gyaran kwamfuta, ƙorafin da mai wannan rubutu ya fi ji bayan an yi fomatin ba na takardu ba ne, domin su kowa yana tunawa ya kwashe. Na fuskar kwamfutar ne. Wata malamar makaranta ta zo karɓar nata, ta kunna, ta yi shiru, sannan ta ce, "Malam, ina hoton mahaifina?" Hoton marigayin ne a fuskar tun shekaru, kuma babu kwafinsa a wani wuri. Ya tafi.

Alhali aikin da zai hana wannan bai kai minti biyu ba.

A Windows 10 da 11, hoton fuska da launin tagogi da sautuka da siffar kibiyar linzami suna haɗuwa a wuri ɗaya da ake kira Theme. Mutum ya shiga Settings, ya zaɓi Personalization, sannan Themes, ya danna Save ya ba ta suna. Nan ne yawancin mutane suke tsayawa, kuma nan ne kuskuren yake. Fayil ɗin da aka ajiye, mai ƙarshen .theme, rubutu ne kawai da ke nuna inda hoton yake a cikin kwamfutar. In aka goge kwamfutar, ya zama kwatancen gidan da aka rushe. Sai an sake danna Theme ɗin da maɓallin dama an zaɓi Save theme for sharing, a nan ne Windows zai ƙunshe hotunan kansu cikin fayil guda mai ƙarshen .deskthemepack. Shi ake sakawa a filas ko a tura wa abokin aiki, danna biyu ya wadatar a ɗaya kwamfutar. Tsarin ya faro da Windows 7 a 2009 da sunan .themepack, Windows 8 ya kawo sabon a 2012.

Ƙunshin ba komai da komai yake ɗauka ba. Jerin gumakan fuska da girman rubutu sai an sake saita su da hannu, abin da ya fi damun dattawa masu raunin ido. Kuma Windows ɗin da ba a yi wa rajista ba, irin wanda ya cika kwamfutocin hannu na biyu, yana kulle shafin Personalization.

Sai batun da ya fi tayar wa mai gyara hankali: ƙunshin da ba a san asalinsa ba. A Satumbar 2020 wani mai binciken tsaro, Jimmy Bayne, ya nuna cewa ana iya shirya irin wannan fayil ya sa kwamfuta ta nemi hoto daga wata na'ura a intanet, ta miƙa mata bayanan shigar mai ita. A Satumbar 2023 kuma Microsoft ya toshe wata kafa da aka yi wa laƙabi da ThemeBleed, wadda ke bari a gudanar da muguwar manhaja a Windows 11 ta wannan hanya. Matasa suna tura wa juna waɗannan fayiloli a WhatsApp kamar hotunan biki, ba wanda ke tambayar wa ya haɗa.

Don haka masu shagunan buga takardu da ofisoshi da ɗalibai su ɗauko kwalliya daga Microsoft Store ko su haɗa tasu, su bar kwamfuta ta riƙa sabunta kanta. Wanda kuma zai kai tasa gyara, ya kwashe ƙunshinsa a filas tun a gida, tare da ainihin hotunan a babban fayil nasu daban.