Kafin Ku Hau Mambila

Ɗana, mahaifiyarka ta gaya mini kai da abokanka kun ɗauki hayar bas, za ku nufi Mambila idan kun samu hutu, har kuna da niyyar taka Chappal Waddi da ƙafa. Ita hankalinta ya tashi, ni kuwa na ji daɗi. Saurayi ya kamata ya san ƙasarsa da tafin ƙafarsa. Sai dai akwai magana guda da nake so ka riƙe: kowa hawa yake wa ɗoki, amma a sauka ake jin ciwo. Mota da ƙafa duk haka ne.

Mu fara da motar. Daga Jalingo za ku bi ta Bali har Serti, hanya tana kwance, direba yana ta hira. Da kun wuce Mayo Selbe sai lamarin ya canza: titi ya fara nannaɗe dutse, kwana a kan kwana, gefe ɗaya bango, ɗaya gefen rami. A hawa abin da za a kula shi ne zafin inji. Idan allurar ta haura, ku nemi fili ku tsaya, ku tokare taya da dutse, kuma kada wanda ya buɗe murfin radiyeta sai ta huce. Wannan kowane direba ya sani. Wanda da yawa ba su sani ba, musamman direban da ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Kano ko Maiduguri, shi ne ranar dawowa. Mota cike da mutane da kaya, gangara mai tsawo, shi kuma ya ɗora ƙafa a birki bai ɗaga ba. Birkin ya yi zafi, man birkin ya tafasa, sai ya taka ya ji abin ya tafi ƙasa lagwaf, babu riƙo. Maganinsa giya: wadda ta hau da ku, ita za ta sauko da ku, inji ya riƙe motar, birki kuwa a taɓa a saki. Kada ka yarda a sa mota firi don tsimin mai. Da ka ji ƙaurin birki, ka ce a tsaya, ko da za a ce ka cika tsoro. Kuma ku lissafa tafiyarku yadda duhu ba zai same ku a kan wannan hanya ba.

A Serti ofishin Gandun Dajin Gashaka-Gumti yake. An kafa gandun a 1991, kuma babu gandun daji na ƙasa da ya kai shi girma a Najeriya. Chappal Waddi, mai tsayin mita 2,419, yana cikinsa, dab da iyakar Kamaru, shi ne ƙololuwar ƙasar nan. Ku shiga ofishin ku nemi izini, ku karɓi jagora, ku tambayi halin da hanya take ciki ta fuskar tsaro a wannan makon, don labarin bara ba ya amfani. Matambayi ba ya ɓata. Tafiyar kwanaki ce, kuma inda bas ta gaza sai achaba, inda achaba ya gaza sai ƙafa. Ku je da rani. Da damina laka da kogunan da suka cika za su mayar da ku.

Sanyin can kada ka auna shi da hunturun gida. Tudun Mambila kansa ya kai kimanin mita 1,600, kuma duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da wajen digiri 6. Da rana gumi zai jiƙa maka riga, da yamma iska ta bugi rigar, a nan ne sanyi yake shiga jiki. Ka ware busasshiyar riga da safa a cikin leda, kada ka taɓa su sai za ka kwanta. Idan ka ga ɗayanku yana karkarwa, maganarsa tana harɗewa, yana cewa a bar shi ya ɗan huta, kada a bar shi. A canza masa kaya, a lulluɓe shi, a ba shi shayi mai sukari.

Jakar goyo kuwa kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinka. Kaya masu nauyi su jingina da bayanka, marasa nauyi su zauna a waje. Guzuri mun gada: dabino, ƙuli-ƙuli, kilishi, garin kwaki da sukari. Sabon takalmi a bar shi a gida, ka sa wanda ya san ƙafarka. Ruwan rafi komai kyansa a tafasa, don shanu suna sha a sama da inda kake ɗiba.

Ku naɗa shugaban tafiya kamar yadda addini ya koyar, kuma ina so aikinsa na farko ya zama tsayar da lokacin juyowa tun kuna ƙasa. Idan kun ce ƙarfe kaza za mu juya, to ku juya, ko da kuna hangen ƙololuwar kamar ku miƙa hannu. Wannan yana da ɗaci, na sani, bayan kuɗin da aka kashe da nisan da aka yi. Amma wanda ya ƙarar da ƙarfinsa a hawa, da me zai sauko? Gwiwa tana rawa, yatsu suna dukan bakin takalmi, ciyawa tana santsi, ga hazo yana iya rufe tudu cikin ɗan lokaci har ka kasa ganin na gabanka. A gangara ka rage faɗin taku, ka ɗaure igiyar takalmi tamau, ka dogara da sanda. Mafi rauninku ya bi bayan jagora, mai ƙarfi ya tsaya a ƙarshe. Kada a bar kowa shi kaɗai da sunan zai cim muku.

Ka tuna kuma wurin da kuke kira yawon buɗe ido, gidan wasu ne. Mambilawa suna noma a can, Fulani suna kiwo, kuma maganar fili ba ƙaramar magana ba ce a wajensu. Kada ku tsallake shinge, kada ku kafa tanti sai kun gaida mai gari ko jauro. Kada ka ɗaga waya a fuskar mace ko yaro ba tare da izini ba. Fulatanci ne ya fi tafiya a kasuwanninsu, ka koyi gaisuwa ko da kalma biyu ce. Masu ɗaukar muku kaya ku biya su yadda aka yi ciniki, ku ci tare, kuma ledojinku su dawo a jakarku.

Idan lokaci ya rage, ku biya ta Kakara ku ga gonakin shayi, ku kwana a Gembu kafin ku kamo hanya, don direba ya sauko da ku da safe yana da cikakken barci. A kan dutse waya ba lallai ta samu sabis ba, saboda haka kafin ku bar garin Nguroje ku nufi dutsen, ka kira mahaifiyarka, ka gaya mata ranar da za ku sauko, ka ba ta lambar jagoranku. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.