Kafin ofishinku ya tattara komai a manhaja ɗaya

Manhajoji irin su Microsoft Teams da Google Workspace sun haɗa saƙonni, taron bidiyo, kalanda da ajiyar takardu wuri guda. Amfaninsu a fili yake: mutum uku za su gyara takarda ɗaya a lokaci guda, ba sai an yi ta tura kwafi ta WhatsApp ana laluben na ƙarshe ba. Idan ma'aikaci ya ajiye aiki, a rufe asusunsa, takardu su zauna hannun ofis.

Amma ku yi lissafi da kyau. Kowane ma'aikaci ake biya wa, farashin kuma dala yake bi, abin da ya ƙara wa ƙananan kamfanoni nauyi tun faɗuwar naira a 2023. Taron bidiyo yana cin data, ga matsalar wuta. Ranar da manhajar ta tsaya kuwa, aikin ofis gaba ɗaya ya tsaya.

Ku fara gwadawa da sashe ɗaya, ku kunna tantancewa mai mataki biyu, ku riƙa sauke kwafin muhimman takardu. Bayanan abokan cinikinku kuma, dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora muku alhakinsu, ko a ina aka ajiye su.